Daga Jan Ƙarfen Takedda Zuwa Baƙin Garin Batir: Tarihin Katod da Rabon Ƙasar Gobir

Duk wayar da ke aljihun Bagobiri a kasuwar Sabon Birni, da duk fitilar sola mai batirin litiyam da ke haska zauren karatun dare a Isa, tana ɗauke da wani baƙin gari da aka shafe a jikin siririn fallen alminiyam aka naɗe. Masana suna kiran wannan ɓangare katod. Shi ya fi komai tsada a cikin batir mai litiyam. Shi ke yanke yawan wutar da batir zai riƙe, da shekarun da zai yi yana aiki, da ko zai kama da wuta idan ya sha zafi. Wanda ya bi sawun garin nan zai ratsa ramukan haƙar ma'adinai da fagagen yaƙi da kotuna, kuma ƙasar Gobir ta san irin wannan hanya tun kafin a san lantarki.

Gobirawa suna cewa kakanninsu daga gabas suka fito, wasu su ce Misira, wasu su ce Yaman, har suka zauna Azbin kafin Buzaye su matsa musu su gangaro kudu. Wannan abin da ake faɗa ne daga bakin kaka da kakanni. Abin da ke rubuce ya fara ne a 1353, lokacin da matafiyi Ibn Baɗuɗa ya sauka Takedda, a yankin Azbin ɗin. Ya ga ana narka jan ƙarfe ana zuba shi sanda-sanda, sirara a sayi nama da itace da su, masu kauri a sayi gero da alkama. Ya kuma ambaci wata ƙasa da ake kai wannan ƙarfe, wadda ya kira Kubar, kuma masana tarihi da yawa suna ganin Gobir yake nufi. Idan haka ne, to farkon shigar sunan Gobir cikin littafi a kan cinikin ƙarfe ne.

A ƙarni na 16, can a duwatsun Jamus, masu haƙar azurfa sukan ci karo da wani dutse mai kama da na azurfa, amma idan an sa shi a wuta babu azurfa sai hayaƙi mai sa ciwo. Suka riƙa cewa aljanun rami ne ke sace azurfar su bar musu guba. Wannan almara ce ta mahaƙa. Abin da bincike ya nuna daga baya shi ne, hayaƙin na gubar arsanik ne, kuma wajen 1735 wani masani ɗan Suwidin mai suna Georg Brandt ya tace sabon ƙarfe daga dutsen, wato kobalt. A 1751 wani ɗan ƙasarsu, Cronstedt, ya fitar da nikel. Ba wanda ya san amfanin da za su yi nan gaba. Kobalt dai a lokacin shuɗin launi yake bayarwa ga tangaran da gilashi.

A daidai wannan zamani, tsakiyar ƙarni na 18, Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara ya kafa Alƙalawa, wadda kufanta ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni a yau. Ƙarfin Gobir na zamanin Bawa Jan Gwarzo ya tsaya ne a kan doki da ƙarfe. Maƙera ke tono tama, su gina murhun narki da yumɓu, su ƙona gawayi, su fitar da ƙarfe, su ƙera mashi da takobi da linzami da hauya da galma. Abin lura a nan, mai tono da mai narkawa da mai ƙira da mai saye duk 'yan ƙasa ɗaya ne. Ribar kowane mataki a gida take tsayawa. Alƙalawa ta faɗi hannun mayaƙan jihadi a 1808, aka sake gwabzawa a Gawakuke a 1836, wasu Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Sarauta ta sauya hannu, garuruwa sun tashi, amma zuga-zugin maƙera bai tsaya ba.

Shekara takwas kafin faɗuwar Alƙalawa, a 1800, Alessandro Volta na Italiya ya jera fallayen tutiya da na jan ƙarfe, ya raba su da ƙyalle jiƙe da ruwan gishiri, lantarki ya gudana. Wannan ne batir na farko da tarihi ya tabbatar. Akwai masu cewa mutanen Iraƙi sun riga shi da ƙarnoni masu yawa, saboda wani ɗan tulu da aka tono kusa da Bagadaza a 1936, mai bututun jan ƙarfe da sandar baƙin ƙarfe a ciki. Zance ne da ya yaɗu, amma yawancin masu binciken kayan tarihi ba su yarda batir ba ne. A 1817 Johan August Arfwedson, shi ma ɗan Suwidin, ya gano litiyam cikin wani dutse da aka samo a tsibirin Uto. Duk ƙarafa babu wanda ya kai shi rashin nauyi, har yana iya yawo a saman ruwa, sai dai ba ya zama lafiya da ruwa ko iska. A 1859 Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙiro batirin dalma mai ruwan asid da ake iya sake cajinsa, kakan batirin mota. A 1866 wani Bafaranshe, Leclanché, ya yi amfani da baƙin garin manganis. Duk wanda ya taɓa fasa mataccen batirin rediyo ko na tocila yana yaro ya ga baƙin garin da ke ɓata hannu, to ya taɓa katod.

A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, cikin 'yan shekaru kuma suka ja iyaka da Faransawa, Tsibiri ta koma can, Sabon Birni da Isa suka tsaya nan. A 1929 layin dogo ya iso Ƙauran Namoda. Jirgi yana kwasar gyaɗa da auduga da fata, yana kawo ƙarfen Turai da tarkacensa masu araha, sai narkar da tama ta zama wahala marar riba, murahun suka mutu ɗaya bayan ɗaya. A Jos ana tono kuza a tura Ingila, har a tsakanin 1942 da 1944 aka riƙa kwaso talakawa daga lardunan Arewa aikin tilas a ramuka. A Kwango kuwa, tun 1906 Turawan Beljiyam suka kafa kamfanin Union Minière domin jan ƙarfen Katanga, wanda kobalt ke fita tare da shi. Daga nan ne aka raba aiki yadda har yau bai haɗu ba: tono a Afirka, tacewa da ƙira a ƙetaren teku. A 1971 aka fara fitar da yuraniyam daga Arlit, a Azbin ɗin da Ibn Baɗuɗa ya ga jan ƙarfe, yana haska biranen Faransa alhali ƙauyukan Nijar na kwana da fitilar kananzir.

Asalin batir mai litiyam yana cikin rikicin man fetur na Oktoban 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka rufe wa Amurka da ƙawayenta famfo, farashi ya ninka kusan sau huɗu. A Nijeriya wannan ne ya kawo shekarun yalwa da kuɗin Udoji. A Amurka kuwa tsoro ya kawo. Kamfanin mai na Exxon, wanda ya riga ya fara tunanin ranar da rijiyoyi za su ƙafe, ya ɗauki wani matashin masani ɗan Ingila, Stanley Whittingham, a 1972. Shi ya zo da dabarar da duk batirin litiyam ke kanta har gobe. Ya samo wani haɗin titaniyam da farar wuta wanda ginin ƙwayoyinsa hawa-hawa ne, da sarari a tsakani. Ƙwayoyin litiyam sukan shiga sararin su zauna idan batir na ba da wuta, su fice idan ana caji, kamar tantabarun da ke fita ɗakinsu da safe su dawo da yamma, ɗakin yana nan bai rushe ba. A 1976 ya bayyana batir mai ba da kimanin bolt 2.5. Matsalar tana ɗaya ɓangaren, wato anod, inda ya sa tsantsar ƙarfen litiyam. Yawan caji sai ya sa litiyam ya riƙa tsiro da wasu siraran ƙayoyi, su huda shamakin da ke tsakani, batir ya kama. An sha kiran 'yan kwana-kwana ɗakin binciken. Da farashin mai ya sauka a farkon shekarun 1980, Exxon ta janye.

Mutumin da ya ɗauki aikin daga nan shi ne John Goodenough, Ba'amurke da aka haifa a 1922, wanda ya koma Jami'ar Oxford a 1976 yana ɗan shekara 54. Lissafinsa shi ne, idan aka maye farar wuta da oksijin, ƙarfin wutar zai ƙaru. Shi da abokan aikinsa, cikinsu har da Koichi Mizushima na Japan, suka gwada ƙarafa iri-iri, a 1980 suka tsaya a kan haɗin litiyam da kobalt da oksijin. Ya ba da bolt 4. Wani alfanun kuma, litiyam ɗin yana cikin katod tun farko, don haka ba dole ne a sa ƙarfen litiyam mai haɗari a ɗaya gefen ba. Jami'ar ba ta ga dalilin kashe kuɗi a kan takardar mallakar fasahar ba, sai Goodenough ya sa hannu ya bar wa cibiyar binciken nukiliya ta gwamnatin Ingila da ke Harwell. Bai ci ko sisin kwabo daga ribar ba.

Ya kamata mai karatu ya san akwai hannun 'yan Afirka a wannan mataki. A farkon shekarun 1980, Rachid Yazami, haifaffen Fas a Maroko, yana bincike a Grenoble ta Faransa, ya nuna cewa litiyam na iya shiga girafayit ya fita, wato irin baƙin da ke cikin fensir, kuma shi ne anod ɗin kusan duk baturan litiyam a yau. Michael Thackeray daga Afirka ta Kudu ya je Oxford a 1981, a 1983 shi da Goodenough suka fito da katod na manganis, mai araha da juriyar zafi, sai dai yana saurin gajiya. A 1985 Akira Yoshino na kamfanin Asahi Kasei a Japan ya haɗa katod ɗin kobalt da anod na wani nau'in gawayin fetur, aka sami batir marar tsantsar litiyam. Gaskiyar wannan hanya ta fito fili a 1989, lokacin da baturan kamfanin Moli Energy na Kanada, masu tsantsar litiyam, suka fara kamawa cikin wayoyi a Japan, aka janye su. A 1991 Sony ta fitar da batir irin wannan, marar tsantsar litiyam, na farko kasuwa.

Shekara goma bayan haka, a watan Agustan 2001, wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya. Ba da jimawa ba Nokia mai tocila ta shiga hannun manoma da 'yan tireda da masu fataucin albasa da dabbobi tsakanin Isa da Shinkafi da Maraɗi. Garuruwan da ba su taɓa ganin wayar tangarahu a gidajensu ba suka tsallake kai tsaye zuwa wayar aljihu. Wata sabuwar sana'a ta ɓullo, ta mai caji, da ƙaramin janaretansa da allon soket cike da wayoyi masu lamba. Da wuya a sami wani kayan kimiyya da ya shiga ƙauyukan gabashin Sakkwato da sauri irin wannan.

Amma kashi 60 cikin 100 na nauyin katod ɗin da Goodenough ya samo a 1980 kobalt ne, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Kwango yake fitowa. Duniya ta riga ta ɗanɗana haɗarin haka a watan Mayun 1978, lokacin da 'yan tawaye suka shigo daga Angola suka kama garin Kolwezi, sojojin laima na Faransa da Beljiyam suka dira, farashin kobalt ya ninka sau da dama. Bayan da kamfanin gwamnati, Gécamines, ya durƙushe a shekarun 1990, dubban mutanen Katanga suka shiga ramuka da shebur da guduma. A watan Janairun 2016 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto a kan yaran da ke wanke dutse da dakon buhuna, ta kawo ƙiyasin UNICEF na 2014 cewa yara kusan 40,000 ke aiki a ma'adinan kudancin Kwango. A Maris na 2018 tan ɗaya na kobalt ya haura dala 90,000. Masu ramin ba su ga wannan kuɗi ba.

Ga kuma matsalar wuta. Katod ɗin kobalt ba ya yarda a zare masa fiye da kusan rabin litiyam ɗinsa; in an wuce, gininsa ya raunana, in ya yi zafi ya saki oksijin, ya zama shi ne makamashi shi ne mai hura wutar. A 2006 aka janye baturan kwamfutar cinya na Sony kusan miliyan 10. A Janairun 2013 aka dakatar da duk jiragen Boeing 787 saboda baturansu. A 2016 Samsung ta janye Galaxy Note 7. Ba katod kaɗai ke jawo irin wannan ba, sau da yawa kuskuren ƙira ne ke kunna ta, amma irin katod ɗin ke nuna yadda wutar za ta ci.

Hanyoyi biyu aka bi don rage dogaro da kobalt. Ta farko ita ce a surka shi. Wajen 2001, masu bincike a cibiyar Argonne ta Amurka, inda Thackeray ya koma tare da wani ɗan Maroko, Khalil Amine, da ayarin Jeff Dahn a Kanada, da na Ohzuku a Osaka, suka fito da haɗin nikel da manganis da kobalt, wanda ake taƙaitawa NMC. Nikel ke ƙara yawan wuta, manganis ke riƙe gini, kobalt ke daidaita tsari. An fara da kashi ɗaya-ɗaya, aka yi ta ƙara nikel har ya kai takwas cikin goma. Wannan ya ba motocin lantarki damar yin doguwar tafiya, ya kuma mayar da idon duniya kan Indonesiya. Abin da Indonesiya ta yi ya cancanci a tsaya a kai: daga Janairun 2020 ta hana fitar da ɗanyen dutsen nikel, duk mai so ya zo ya gina masana'antar tacewa a ƙasarta. An kai ta ƙara, an yi gunaguni, dazuzzukanta da gaɓar tekunta sun sha ɓarna, amma masana'antun sun zo.

Hanya ta biyu ita ce ta fi shafar mu. Goodenough ya koma Jami'ar Texas a 1986, kuma a 1997 shi da ɗalibinsa ɗan Indiya, Akshaya Padhi, suka wallafa bincike a kan haɗin litiyam da baƙin ƙarfe da fosfet, wato LFP. Babu kobalt, babu nikel. Fosfet yana riƙe oksijin gam, don haka ba ya saurin sakinsa a zafi, kuma batirin na jure caji sau dubbai. Rauninsa biyu ne: bolt 3.2 kawai yake bayarwa, kuma lantarki ba ya ratsa shi da sauƙi. Michel Armand da abokansa a Kanada suka magance na biyun ta hanyar lulluɓe kowace ƙwayar garin da siririn rufin gawayi. Sai shari'a ta ɓarke a kan wa ya mallaki me. Jami'ar Texas da kamfanin Hydro-Québec suka maka kamfanin NTT na Japan a kotu, aka sasanta a 2008 a kan dala miliyan 30. Kamfanin A123 na Amurka da ya yi fice da LFP ya karye a 2012, wani kamfanin Sin ya saye shi a 2013. Kamfanonin motocin Yamma suka raina LFP, suna ganin nauyi ne da shi, wutarsa kaɗan. Sin ba ta raina ba. A 2011 hukumominta suka soke wata muhimmiyar takardar mallakar fasahar a cikin ƙasar, kamfanoni irin su BYD da CATL suka yi shekaru suna zuba shi a motocin bas suna gyara ƙira. A 2020 BYD ta fito da batirin da ta kira Blade, Tesla ma ta fara sa LFP a motocin da take ƙerawa a Shanghai. A 2022 manyan takardun mallakar suka ƙare wa'adi. LFP da bai kai kashi 10 cikin 100 na baturan motocin lantarki ba a 2020, ya kusa kai rabi a 2024, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na garinsa a Sin ake yi. Farashin batir da ya haura dala 1,000 kan kowane kilowat-awa a 2010 ya sauko kusan dala 115 a 2024. Goodenough ya ga farkon wannan nasara: ya karɓi lambar Nobel a 2019 tare da Whittingham da Yoshino yana da shekara 97, ya rasu a Yunin 2023 yana da 100.

Shekarun da LFP ke hawa su ne shekarun da gabashin Sakkwato ya shiga uku. Tun 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga. A ƙarshen Mayun 2020 aka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana guda. A Satumbar 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. Mai caji ya rasa man janareta, mutane suka koma neman sabis ɗin Nijar da layukan can. A wurin da kiran waya ɗaya ke iya sa ƙauye ya watse kafin mahara su iso, batir mai caji ya wuce kayan ƙawa. A 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, janareta ya fi ƙarfin talaka. A Agustan shekarar Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki, Maraɗi ta ji a jikinta. A Oktoban 2024 mafi yawan Arewa ta yi kwanaki a duhu bayan an lalata manyan layukan wuta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya tura ƙarin mutane ga allon sola, kuma allon sola ba ya amfani da dare sai da batir. Batirin dalma da aka saba da shi ba ya daɗewa a zafin bazara mai haura digiri 40. LFP kuwa na iya yin shekaru masu yawa. A ganina, tun bayan zuwan wayar salula babu wani ci gaban kimiyya da ya dace da ɗakin shan magani na ƙauye, da famfon burtsatse, da firjin ajiye allurar rigakafi, kamar wannan garin ƙarfe da fosfet.

Sai kuma litiyam ya bayyana a gida. Yana cikin jijiyoyin tsohon dutse da suka ratsa Nasarawa da Kaduna da Neja da Kwara da Kogi da Oyo, har zuwa Libata a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. Wasu wuraren tsofaffin ramukan kuza ne na zamanin Turawa, inda ake zubar da dutsen litiyam a matsayin shara. A Nuwambar 2022 farashin litiyam ya kai ƙololuwa a Sin, 'yan kasuwa suka kwararo, matasanmu suka bar gona suka nufi rami, sannan farashin ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100 cikin shekara biyu. A Mayun 2024 aka buɗe masana'antar kamfanin Avatar a jihar Nasarawa. Abu ne mai kyau, amma a faɗi gaskiya: niƙa dutse da tace shi mataki na farko ne. Mayar da shi gishirin litiyam mai tsafta, sannan garin katod, sannan batir, duk a waje ake yi, kuma can ribar take. A Disambar 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna yara suna tsince dutsen litiyam a ramukan Nasarawa. Mu da muka ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara fiye da 400 a garuruwa irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, muka kuma ga yadda ramukan zinariya suka cuɗe da bindiga har aka hana haƙa a Afrilun 2019, ba mu da uzurin cewa ba a gargaɗe mu ba.

Ƙasar Sakkwato kuwa wani abu daban ke ƙarƙashinta. Mafi yawanta shimfiɗar tsohon teku ce da ya ƙafe miliyoyin shekaru da suka wuce. Shi ya bar farar ƙasar da masana'antar siminti ta Kalambaina ke ci tun shekarun 1960, shi ya kuma bar duwatsun fosfet a yankin Dange da Shuni, yamma da Isa da Sabon Birni, waɗanda irinsu ke ɓullowa har Tawa a Nijar. Tamar da maƙeran Gobir suka narka tana nan. Kada wannan ya ruɗe mu. Fosfet ɗin batir sai an tace shi tas, aikin yana cin ruwa da lantarki da gwaninta, kuma a 2025 Sin ta sa takunkumi a kan fitar da fasahar yin garin LFP. Amma Maroko, mai kusan kashi 70 cikin 100 na fosfet ɗin duniya da aka ƙiyasta, ta nuna cewa ƙasar Afirka na iya shiga: ta jawo masana'antar kayan katod zuwa Jorf Lasfar, kuma a 2024 ta ƙulla yarjejeniyar gina masana'antar batir a Kenitra. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen litiyam tun Disambar 2022. Akwai ma wata ƙofa da ke buɗewa: tun 2021 CATL ta sanar da batir mai sodiyam a madadin litiyam, sinadarin da ke cikin gishiri da kanwar da ayarin raƙuma suka yi ƙarnoni suna kawo wa kasuwanninmu.

Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi tun farkon shekarun 1980. Kirana ga gwamnatocin Sakkwato da Kebbi da Zamfara, da wakilanmu a Abuja, shi ne a ba wannan cibiya kuɗi da kayan aiki ta auna fosfet ɗin Dange da tamar Gobir da ma'aunin masana'antar batir, ta fitar da sakamakon kowa ya gani. A tura 'ya'yan Isa da Sabon Birni su koyi haɗa sinadarai da ƙira da gyaran batir. Kada a ba kowane kamfani lasisin tono sai da sharaɗin tacewa a gida da hana yara shiga rami. Kafin duk wannan kuma, a buɗe hanyar Isa zuwa Sabon Birni ta zama matafiyi na bin ta da rana da dare ba tare da fargaba ba, domin babu mai zuba jari ko malamin kimiyya da zai zo inda manomi bai isa ya je gonarsa ba.